MUHAMMADU GADO BAKWAKWA: ƊAN ZUGU DA YA SAMI 'YANCI A BIRNIN PORT-AU-PRINCE

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Kende ko Illo ko Ka'oje ya san iyakar Benin ba ta da nisa da mu. Mutanenmu suna ƙetarawa cin kasuwa Segbana da Kandi, na can su ma suna zuwa namu kasuwanni. Ga auratayya, ga Dendanci da Hausa da ake ji a kowane ɓangare. Wannan zirga-zirga ta girmi iyakar kanta. Tun kafin zuwan Turawa, ayarin fatake daga Kano da Katsina da Sakkwato sukan biyo ta Jega, su ƙetare Kwara a wajajen Illo ko Gaya, su ratsa ƙasar Borgu, su yada zango a Zugu, sa'an nan su wuce Salaga ta ƙasar Gwanja su sayo goro.

Tarihin da muka kawo wa masu karatu bana na wani ɗan wannan hanya ne. Sunansa Muhammadu Gado Bakwakwa, wanda Turawa suka rubuta Mahommah Gardo Baquaqua. An haife shi ɗa, aka sayar da shi bawa, aka haye teku da shi zuwa Birazil. Daga baya ya kuɓuta, ya fara shaƙar iskar 'yanci a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar Haiti, a cikin tsibiran Karibiyan. Ba za a fahimci rayuwarsa ba sai an san wannan birni, saboda haka za mu ba da labarin mutumin da na birnin tare.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Bakwakwa wajen shekarar 1824 a Zugu, garin da yanzu ake rubutawa Djougou, a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin. A zamanin nan Zugu babban zango ne. Fatake suna kawo kanwa da tufafi da fatu da dabbobi daga ƙasar Hausa, suna komawa da goro da zinariya. Attajiran garin Musulmi ne, suna zaune a unguwarsu, harshensu na yau da kullum kuwa Dendanci ne, irin wanda muke ji a Kamba da Gaya.

Mahaifinsa Musulmi ne mai asali daga Nikki, mahaifiyarsa kuma Bakatsiniya ce. Ke nan ta wajen uwa shi jinin Hausawa ne. Sunan Gado da aka sa masa yana da dalili. Mahaifiyarsa ta haifi tagwaye kafin shi, shi ne ya biyo bayansu, wato wanda a Kano ake ce wa Gambo.

Gidansu gidan karatu ne da sana'a. Wansa malami ne, har sarakuna suna neman shawararsa. Kawunsa kuwa maƙerin sarki ne, mai dukiya, yana da gida a Salaga inda yakan je sayen zinariya da azurfa da tagulla da ƙarfe. An sa Muhammadu makarantar allo, amma karatu bai shiga ransa ba, kullum sai ya gudu. Da aka ga haka sai aka miƙa shi ga kawunsa, ya koyi ƙirar allura. Wannan yaro da ya ƙi allo a gidan ubansa, shi ne daga baya ya riƙa roƙon a koya masa karatu a ƙasar da ba tasa ba.

Yana saurayi ya bi 'yan dako suka kai hatsi Daboya a ƙasar Gwanja, a arewacin Ghana ta yau, a lokacin da ake yaƙin neman sarauta. Yaƙi ya rutsa da shi aka kama shi, sai wansa ya fanshe shi ya komo gida. Bayan haka ya shiga hidimar wani basarake a Subruku, kusa da Zugu, ya zama ɗaya daga cikin dogarawansa. Shi da kansa bai ɓoye ba cewa yaran fada na lokacin sukan zalunci talakawa, su ƙwace abin da suka ga dama ba mai ce musu kanzil. A nan ne kuma ya saba da shan giya.

Yadda ya faɗa bauta

Kusancinsa da sarki ya jawo masa mahassada. Wata rana yana kan hanyar zuwa gaida mahaifiyarsa, sai waɗansu mutane suka tare shi da fara'a da kirari, suka yi ta ɗura masa giya, suka lallashe shi ya raka su wani ƙauye. Can ma aka yi masa liyafa ya sha ya bugu. Gari na wayewa ya tarar abokan nan sun gudu, shi kuwa an riga an sayar da shi.  Daga ranar nan bai sake ganin mahaifiyarsa ba a duk tsawon shekarun da ya ba da labarinsu.

Aka ɗaure shi aka nufi kudu da shi, daga hannun wannan dillali zuwa na wancan, aka ratsa ƙasar Dahome har bakin teku a Wida. A nan ya fara ganin Bature. A nan kuma ya gamu da wani mutumin Zugu, wanda ya shaida shi ta irin askin da ke kansa. Mutumin ya yi ƙoƙarin cetonsa, amma abin bai yiwu ba. Aka yi musu lamba da ƙarfe mai zafi kamar dabbobi, aka zuba su cikin jirgin ruwa.

A cikin jirgin an cusa su ne a ƙarƙashi, tsirara, maza gefe mata gefe, wurin ba ya isa mutum ya miƙe tsaye. Abincinsu dafaffiyar masara ce, ruwan sha kuwa ɗan kaɗan a yini. Wanda ya mutu sai a jefa shi teku. A lokacin nan Ingila ta riga ta haramta cinikin bayi tun 1807, ita kanta Birazil ta kafa dokar hana shigo da su a 1831, amma dokar ta tsaya a takarda. Don haka a ɓoye aka sauke su a gaɓar jihar Pernambuco a shekarar 1845.

Shekara biyu a Birazil

Birazil ita ce ƙasar da ta fi kowace karɓar bayi daga Afirka, fiye da mutum miliyan 4, kuma ba ta soke bauta ba sai ran 13 ga Mayu, 1888. Wanda ya sayi Bakwakwa daga hannun dillali wani mai gidan burodi ne. Ya sa shi dakon duwatsun gini, daga baya tallar burodi. Ran da bai sayar da kayan duka ba, bulala ce ladansa. Ya koyi harshen Fotugal da sauri don ya faranta wa ubangidansa rai, amma bai ga sauƙi ba. Baƙin ciki ya sa ya koma wa kwalba, har ya taɓa faɗawa kogi don ya huta da duniya, waɗansu masu kwalekwale suka tsamo shi.

Aka sake sayar da shi zuwa birnin Rio de Janeiro. A can har wani baƙar fata ya taya shi. Wannan ya sa Bakwakwa ya gane wani abu da ya riƙe har ya sa a littafinsa, wato mallakar bayi ba ta bin launin fata, tana bin iko da kuɗi ne. Gaskiya ce mai ɗaci, gama waɗanda suka fara sayar da shi ma mutanen ƙasarsa ne.

A ƙarshe wani kyaftin ɗin jirgin ruwa mai suna Clemente José da Costa ya saye shi, ya raɗa masa suna José da Costa. Ya yi aiki a jirgin, mai suna Lembrança, suna jigilar busasshen nama da sauran kaya a gaɓar kudancin Birazil. A 1847 aka yi wa jirgin lodin kofi zuwa New York ta ƙasar Amurka. Tun kafin su tashi ya ji cewa babu bauta a wancan birni, kuma kalmar Turanci ta farko da ya koya ita ce wadda take nufin 'yanci.

Kuɓuta a New York

Jirgin ya iso New York a watan Yuni, 1847. Jihar New York ta soke bauta tun 1827, kuma akwai ƙungiyar masu yaƙi da bauta, baƙaƙe da farare, da suke sa ido a kan jiragen da ke shigowa. Su ne suka kai maganar kotu. Alƙali ya yanke hukunci cewa bayin nan ma'aikatan jirgi ne, kuma bisa yarjejeniyar da ke tsakanin Amurka da Birazil dole a mayar da su ga kyaftin. Aka tsare Bakwakwa da wani abokin bautarsa a kurkuku ana jiran a sake duba shari'ar. Cikin watan Agusta, da dare, suka sulale daga kurkukun da taimakon abokan nan nasu, aka kai su Boston a ɓoye.

Zama a Amurka hatsari ne gare su, don ana iya kama su kowane lokaci. Aka ba su zaɓi, ko Ingila ko Haiti. Bakwakwa ya zaɓi Haiti, saboda ya ji cewa ƙasar baƙaƙen fata ce, yanayinta kuma mai zafi ne kamar na gida. Kafin shekarar ta ƙare ya sauka a Port-au-Prince.

Birnin da ya tarar

Haiti tana a kashi ɗaya cikin uku na yammacin tsibirin Hispaniola, sauran kuwa Jamhuriyar Dominika ce. Sunan Haiti ya fito daga harshen mutanen tsibirin na asali, ma'anarsa ƙasa mai duwatsu. Port-au-Prince, wanda mazaunansa ke kira Potoprens, yana kwance ne a ƙuryar wani babban lungun teku. A gabansa akwai tsibirin Gonave da ke tare masa igiyar ruwa, a bayansa duwatsu sun yi masa zobe, unguwanni suna hawa gangare kamar matakala. Daga arewa maso gabas kuwa akwai wani shimfiɗaɗɗen fili mai suna Cul-de-Sac, inda a da ake noman rake.

Faransawa ne suka kafa birnin a 1749, lokacin da ake kiran ƙasar Saint-Domingue. Girgizar ƙasa ta rushe shi a 1751, ta sake rushe shi a 1770. Daga nan hukuma ta hana ginin dutse, aka koma gidajen katako masu baranda. Wannan ya rage hatsarin girgiza, amma ya buɗe ƙofa ga gobara, wadda ta sha cinye unguwanni.

A zamanin Faransawa babu wata ƙasar mallaka da ta kai Saint-Domingue kawo riba. Sukari da kofi nata sun cika kasuwannin Turai. Amma dukiyar nan gumin bayi ce, waɗanda yawansu ya kai wajen 500,000 a shekarar 1789. Takardun gonakin lokacin sun lissafa ƙabilun bayin, kuma a ciki akwai Hausawa da Nufawa da mutanen Borgu. Ashe tun kafin Bakwakwa, waɗansu 'yan'uwanmu sun riga shi taka wannan ƙasa cikin sarƙa.

A watan Agusta, 1791, bayi suka yi tawaye a arewacin ƙasar. Yaƙin ya ɗauki shekara 12. Babban jagoransu Toussaint Louverture, Faransawa sun kama shi da yaudara a 1802, ya mutu a kurkuku a Faransa a 1803. Jean-Jacques Dessalines ya ci gaba da yaƙin, ya ci sojojin Napoleon a Vertières ran 18 ga Nuwamba, 1803. Ran 1 ga Janairu, 1804, ya yi shelar 'yancin kai a garin Gonaïves. Ba a taɓa samun wata ƙasa a duniya da bayi suka kori iyayengijinsu suka kafa gwamnatin kansu ta dore ba, sai Haiti.

Abin da ya fi shafar Bakwakwa shi ne wata doka da aka kafa a zamanin shugaba Alexandre Pétion, wanda ya yi mulki daga Port-au-Prince. Tsarin mulkin 1816 ya tanadi cewa duk ɗan asalin Afirka da ya zo ya zauna a Haiti, za a ɗauke shi ɗan ƙasa. A lokacin da Amurka da Birazil da Kyuba suke cike da bayi, wannan ɗan birni na katako ya zama mafaka. Ba mai iko ya bi bawa har can ya ce nasa ne.

'Yancin nan an biya shi da tsada. A 1825 Faransa ta turo jiragen yaƙi bakin Port-au-Prince, ta tilasta wa Haiti biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsofaffin masu gonaki da bayi kafin ta amince da ita. An rage kuɗin zuwa miliyan 90 a 1838, duk da haka bashin ya tsotse arzikin ƙasar shekaru da yawa. Amurka kuwa ba ta amince da Haiti a matsayin ƙasa ba sai 1862.

Saboda haka birnin da Bakwakwa ya tarar matalauci ne, amma mai alfahari da kansa. A tashar jiragen ruwa ana lodin kofi da katako irin dangin maɗaci. Kasuwanni suna hannun mata, waɗanda ke sauko da kayan gona daga duwatsu a kan jakuna ko a kansu, kamar dai yadda ake yi a Dahome da ƙasar Yarbawa. Faransanci shi ne harshen ofis da makaranta, amma jama'a Kireyol suke yi, harshen da aka haifa a gonakin rake, mai kalmomin Faransanci da zubi irin na harsunan Afirka. Yawancin mutane 'yan Katolika ne, tare da haka suna riƙe da addinin Vodu, wanda sunansa ma daga harshen Fon na Dahome ya fito, ƙasar da aka ratsa da Bakwakwa a ɗaure shekara biyu kafin nan.

Zamansa a Port-au-Prince

Da ya sauka, ya ga baƙaƙen fata su ne sojoji, su ne alƙalai, su ne masu mulki, ya tabbata ya zama ɗa. Amma ba a daɗe ba ya gane cewa 'yanci ba ya cika ciki. Ba ya jin Kireyol, ba ya jin Faransanci, ba shi da dangi, ba shi da ko anini. Dendancinsa da harshen Fotugal da ya koya ba su da amfani a titunan birnin. Wani baƙar fata da ya zo daga Amurka ya ɗauke shi aiki, amma ya wulaƙanta shi, har ya bar gidan. Ya riƙa kwana a waje, yunwa ta galabaitar da shi, masu wucewa suna zaton maye ne yake yi.

Cikin wannan hali ne ya haɗu da Rabaran William L. Judd, wani ɗan mishan na Baftis daga Amurka, da matarsa Nancy. Ƙungiyar da ta aiko su ta ware ne daga sauran Baftis a kan maganar bauta, ta ƙi karɓar ko kwabo daga hannun masu bayi. Suka ɗauke shi zuwa gidansu, suka ba shi aikin dafa abinci, uwargida Judd kuma ta fara koya masa Turanci da karatu. Da fari bai ba su sauƙi ba. Halin shan giya da faɗa bai rabu da shi nan da nan ba, shi ma ya yarda cewa ya wahalar da su. Suka yi haƙuri da shi, ba su kore shi ba. Sannu a hankali ya bar giya. A shekarar 1848 ya karɓi bangaskiyar Kirista, Rabaran Judd ya yi masa baftisma.

Akwai abin lura a nan. Bayan baftisma bai ɗauki sunan Turawa ba, bai kuma riƙe José da Costa da aka liƙa masa a Birazil ba. Ya koma ga sunan da iyayensa suka raɗa masa a Zugu, da shi ya sa hannu a wasiƙunsa, da shi aka buga littafinsa. Wasiƙun da uwargida Judd ta aika wa jaridun mishan a Amurka sun nuna yadda yake yawan ambaton mahaifiyarsa, da yadda yake marmarin komawa Afirka.

Shekarun nan biyu ba na kwanciyar hankali ba ne a birnin. Janar Faustin Soulouque ya hau mulki a watan Maris, 1847. A watan Afrilu, 1848, magoya bayansa suka far wa manyan gari 'yan ruwa biyu, aka kashe mutane da yawa a titunan Port-au-Prince. A 1849 ya kai wa Jamhuriyar Dominika yaƙi, wadda ta ɓalle daga Haiti tun 1844, aka fatattaki sojojinsa. A watan Agusta na wannan shekara ya naɗa kansa sarkin sarakuna. Ana ta kama samari ana sa su soja, Bakwakwa kuwa yana cikin waɗanda abin zai iya faɗa wa. Shi ba ya son zub da jini, su Judd kuma suna so ya ƙara ilimi. Don haka a ƙarshen 1849 ya bi uwargida Judd suka koma Amurka.

Makaranta da littafi

A 1850 ya shiga kwalejin New York Central da ke ƙauyen McGrawville, wadda ƙungiyar Baftis ɗin nan ta buɗe a 1849. Makaranta ce da ba a saba ganin irinta ba a lokacin. Tana karɓar baƙi da fari, mace da namiji, a aji ɗaya, har da malamai baƙaƙen fata kamar Charles Reason da William Allen. Bakwakwa ya yi kusan shekara 3 a can. Bai tsira daga tsokanar waɗansu ɗalibai ba, kuma ƙiyayyar launin fata tana kewaye da makarantar. A 1853 taron 'yan iska suka nemi hallaka malam Allen don ya nemi auren wata Baturiya, dole ya bar ƙasar.

Burin Bakwakwa ɗaya ne, ya koma Afirka da ilimi da bishara. Ya zaga majami'u yana ba da labarinsa don a tara kuɗin tafiya. Ya rubuta wa wata ƙungiyar mishan wasiƙu yana roƙo a aika da shi tasharsu ta ƙasar Mende a Saliyo, amma bai dace ba. A 1854 ya ƙaura zuwa garin Chatham a Kanada, inda bayi da yawa da suka gudo daga Amurka suke fakewa.

A wannan shekara ce aka buga tarihin rayuwarsa a birnin Detroit, da taimakon wani marubuci mai suna Samuel Moore. Ƙaramin littafi ne. Kashi na farko yana bayanin Zugu: ganuwarta da ƙofofinta, noma, kasuwanci, aure, sallah da azumi, har da ƙidaya. Kalmomin gida da ya kawo akasarinsu Dendanci ne, da ɗan Hausa. Kashi na biyu kuwa labarin bautarsa ne da kuɓutarsa. A cikin miliyoyin da aka kai Birazil daga Afirka, nasa ne kaɗai littafin da aka sani wanda ɗaya daga cikinsu ya ba da tarihin kansa. A watan Janairu, 1855, ya shiga jirgi zuwa Liverpool ta Ingila, don daga can jirage ke tashi zuwa Afirka ta Yamma. Labarinsa na ƙarshe da ke rubuce na shekarar 1857 ne, yana Ingila, yana nan yana neman hanyar gida. A 2001 masana tarihi biyu, Robin Law da Paul Lovejoy, suka sake buga littafin tare da wasiƙunsa da bayanai, suka bi sawun garuruwan da ya ambata ɗaya bayan ɗaya.

Birnin bayan tafiyarsa

Port-au-Prince ya ci gaba da shan wuya da tashi. Sojojin Amurka sun mamaye ƙasar daga 1915 zuwa 1934. Iyalin Duvalier, uba da ɗa, sun yi mulkin kama-karya daga 1957 zuwa 1986. Tsarin mulkin 1987 ya ɗaga Kireyol ya zama harshen hukuma tare da Faransanci. Ran 12 ga Janairu, 2010, wata mummunar girgizar ƙasa ta rushe fadar shugaban ƙasa da babbar majami'ar Katolika da dubban gidaje, ta kashe mutane fiye da 100,000. A watan Yuli, 2021, aka kashe shugaba Jovenel Moïse a gidansa, daga nan gungun 'yan bindiga suka ƙara ƙarfi, har a 2024 suka mamaye yawancin unguwannin birnin.

Duk da haka mutanen birnin ba su yar da tarihinsu ba. A dandalin da ke gaban fadar shugaban ƙasa an kafa mutum-mutumin wani bawa da ya tsinke sarƙa, yana busa ƙahon katantanwar teku, don tunawa da dukan waɗanda suka gudu daga bauta ba a san sunayensu ba. Girgizar 2010 ba ta kayar da shi ba. An san birnin da motocin haya masu zane kala-kala da ake kira taptap, waɗanda ake rubuta musu addu'o'i kamar manyan motocinmu. Kowace ranar 1 ga Janairu kuma, gida-gida ake dafa miyar kabewa a raba wa maƙwabta, domin bisa ga abin da aka gada, a zamanin bauta bayi ke dafa ta amma an hana su sha. A 2021 hukumar UNESCO ta sa wannan miya cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Kammalawa

Ya ku ɗalibai, tarihin Bakwakwa na kusa da mu ne. Hanyar da kakanninsa suka bi daga Katsina zuwa Zugu ta ratsa ta wannan yanki namu na bakin Kwara. Abin da ya same shi zai iya samun kowane saurayi na garuruwan nan a wancan zamani.

Dokar Haiti ta cire masa sarƙa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne, jinin dubban mutane aka zubar kafin a same ta. Amma da dokar kaɗai aka bar shi, da yunwa ta kashe shi a bakin titi. Sai da ya sami waɗanda suka buɗe masa ƙofa, suka jure halinsa, suka koya masa harshe da karatu, sa'an nan 'yancin ya zama abin da zai iya amfani da shi. A garuruwanmu na bakin iyaka ba a rasa baƙi, waɗansu sun gudo daga fari, waɗansu daga tashin hankali, da yawa ba sa jin harshenmu. Ya kamata mu tuna da wannan in mun gan su a tasha ko a kasuwa.

Sai kuma maganar karatu. Miliyoyi sun bi ta Wida da sauran tashoshi irinta, sunayensu sun nutse a teku ko sun ɓace a gonakin rake. Mun san sunan Muhammadu Gado, da na garinsu, da asalin mahaifiyarsa, domin ya koma ga karatun da ya guje wa yana yaro, ya bar abin da ya gani a rubuce. Mu da muka sami aji da malamai a ƙofar gida, ba tare da mun haye teku ba, ba mu da hujjar wasa da su.

Allah ya ba mutanen Port-au-Prince zaman lafiya, ya kuma ba mu ikon amfani da 'yancin da muka gada, amin.